Legas a ranar farko: abin da ba mu sa a hoto ba

Wasunku sun ga hoton da muka ɗora kwanakin baya, mu uku tsaye a bakin teku a Legas, kowa da jakarsa a baya, iska tana kaɗa riga. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika: Allah ya maimaita, Allah ya kai mu, ku ajiye mana wuri. Cikin masu rubutun har da yara waɗanda ko BEPC ba su yi ba, suna biyo mu ta saƙon sirri suna tambayar nawa ne kuɗin mota daga Maraɗi zuwa can. Wannan tambaya ce ta sa muka ga dole mu zauna mu yi rubutun nan. Hoton gaskiya ne, ba haɗi aka yi ba. Sai dai a rana ta shida muka ɗauke shi. A ranar farko babu wanda ya tuna da hoto a cikinmu, kuma labarin ranar ne ya fi cancanta ku ji.

Mu ba biɗa ta kai mu ba, gara mu faɗi wannan tun da wuri. Yawon buɗe ido muka je, da ɗan abin da muka tara, da kuɗin komowa ɗaure daban a cikin aljihun ciki. Manyanmu suna tuna lokacin da Turawa ke ƙetaro Sahara ta Agadas da tsofaffin Fijo 504, su sayar da motar a nan, su rataya jaka su ci gaba da yawo har bakin ruwa. A lokacin ana yi musu kallon marasa aikin yi. To yau ga mu mun ɗauki irin tasu, mun ce mu ma bari mu je mu ga garin da kakanninmu ke kira Ikko, tunda gani ya kori ji.

Mun bar Maraɗi a ƙarshen sanyi, kafin azumi, har da rigunan ɗari. Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, duk wannan gida ne, ba wani abin labari. Daga Kano muka shiga babbar motar nan ta dare, tafiyar kilomita wajen dubu, shinge bayan shinge, har mutum ya gaji da ciro takarda yana mayarwa. Da hantsi muka wuce Ibadan, muka kama babbar hanyar da ke shiga Legas. Aka tsaya a wani wuri da ake ce wa Berger, mutane suka sauka, mu muka zauna don ba sunan da aka ba mu ba ne. Sai a Ojota muka ga kowa na sauka, mu ma muka bi.

Abin da ya fara tarbar mu zafi ne, kuma nan ne girman kanmu ya fara karyewa. Mu da muka tashi a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wasu ranaku ya kusa 45 a Tawa ko Ƙonni, mun ɗauka babu garin da zai koya mana zafi. A Legas ma'auni ba ya cika wuce 33 ko 34. Amma iskar can cike take da danshin teku, zufa ba ta bushewa, alhali bushewar zufa ita ce ke sanyaya jiki. Namu zafin yana da magani: ka shiga inuwar bedi, ka sha ruwan randa, ka jiƙa rawani, da asuba kuma a ɗan samu sauƙi. Nasu ba ya barin mutum ko a inuwa, ko da dare. Kafin mu yi taku ɗari bayan rigunanmu ya manne da jaka. Wankin da muka shanya daren farko, washegari da rana bai gama bushewa ba. A Damagaram rigar da ka shanya kafin ka shiga sallar azahar ka fito ka same ta kamar takarda.

Sai ƙara. Wallahi ba mu taɓa sanin cewa ƙara tana gajiyar da mutum kamar noma ba. Ham na motoci, janareto a ƙofar kowane shago saboda kuran ba shi da tabbas, lasifikar mai wa'azi, lasifikar mai maganin gargajiya, da karnukan mota suna rataye a ƙofa suna kiran sunayen unguwanni da sauri har ba ka gane inda wannan suna ya ƙare wancan ya fara. Motocin su ne danfo, ƙananan bas masu ruwan ɗorawa da baƙin layi a jiki. Ba su tsayawa sosai, rage gudu kawai suke yi. Mun tsaya wajen rabin awa muna jiran wadda za ta tsaya mana yadda muka saba, a gaisa, a yi ciniki, a ɗora kaya. Faransancin da muka sha bulala a kansa a lakwal bai yi mana amfanin komai ba. Ɗayanmu ya yi niyyar tsallaka titi a guje kamar yadda ake yi a gida, wata mata mai sayar da piya wata ta fizgo jakarsa tana yi masa faɗa da Yarbanci, tana nuna gadar ƙafa. Mu a lokacin mun zaci rigima take nema. Daga baya muka ji cewa a wuraren nan kama mai tsallaka titi ake yi, a ci shi tara, idan ma mota ta bar shi da rai.

Da ƙyar muka kai Oshodi, daga nan muka sake wata motar zuwa Agege, inda kawun ɗayanmu yake zaune shekara da shekaru. Tafiyar da bai kamata ta wuce awa guda ba ta ci mana yini. A cikin motar ƙarshe muka yanke hukunci, mu uku baki ɗaya: wanga gari na mahaukata ne, ba doka, ba tsari, ba tausayi. Da a ce a daren nan muka juyo, da wannan labarin za mu kawo muku, kuma da rantsuwa za mu kawo shi, tunda da idonmu muka gani.

Kawu ya saurare mu har muka gama, yana ta dariya. Ya ce: «Ku yaran nan, mi kunka gani? Da kun sabka Berger, mota guda ce za ta kawo ku ƙofar gidan ga. Kun wuce gida kun tahi cikin gari kun komo. Garin bai ruɗe ba, ku ne ba ku iya karatunshi ba.» Mun ji haushin maganar a daren. Kwanaki biyar da suka biyo baya suka nuna mana cewa gaskiya ya faɗa.

Ku fara da lissafi. Ƙidayar Najeriya ta 2006 ta ba jihar Legas mutum miliyan 9 da ɗoriya, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin miliyan 17 da rabi ne. Ƙidayarmu ta 2012 kuwa ta samu mutum miliyan 17 da ƴan kai a Nijar gaba ɗaya, daga Tera har Bilma. Ko wanne lissafi mutum ya ɗauka, tun lokacin an ƙaru ƙwarai. Kuma Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, jihar Maraɗi ta ninka ta fiye da sau goma, ga shi wani babban ɓangarenta ruwa ne. Ku ɗauka an kwaso jama'ar ƙasa guda an zuba su a ɗan wuri, an ce kowa ya fita da asuba ya nemi abinci ya komo da dare, da yawansu ta kan gadoji ƙalilan. Babbar cikinsu, Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12. Tun 1991 aka ɗauke babban birni aka kai Abuja, amma tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwanni da bankuna ba su tashi ba, don haka mutane ba su daina zuwa ba. Gari irin wannan idan da gaske ba shi da tsari, ko kwana guda ba zai yi ba.

Tsarin yana nan, ba a rubuce yake a allo ba ne kawai. Kowace danfo tana da layinta, ba ta sauka daga kansa. Samarin nan da muka ga suna bin mota a guje suna dukan jikinta, muka ce ƴan fashi ne da rana tsaka, masu karɓar kuɗin tasha ne, ana ce musu agbero, kuma direba ya san nawa zai bayar a kowace tsayawa, har alama suke yi wa motar da ta biya. Ko abin yana da kyau ko ba shi da kyau wata magana ce, mu dai ba mu ga kyansa ba, amma ba hauka ba ne. Idan za ka sauka ba ka cewa a tsaya, «owa» kake cewa. Idan ba ka shiga da canji ba, karen mota zai haɗa ka da wani fasinja ya ba ku takarda guda ku je ku raba, su a can aure suke kiran abin. An ɗaura mana irin wannan aure sau biyu, ɗaya da wata tsohuwa da ta ja mu har wurin mai gasa masara don a samu canji. Ga wanda ba ya son wannan duka, akwai manyan bas na BRT da suka fara aiki a 2008 da hanyarsu daban, akwai kuma jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar mutane a 2023 tsakanin Marina da Mile 2. Ranar farko mun ga bas ɗin suna wucewa, ba mu san namu ba ne mu ma.

Akwai kuma wani gari a cikin garin wanda da Hausa yake magana. Agege kanta tsohon zango ne, cinikin goro da layin dogo suka tara Hausawa a wurin tun zamanin Turawa, har yau da Sarkin Hausawansu. A Mile 12, inda manyan motoci ke sauke tumatir da albasa da tattasai daga arewa, ka rufe ido ka rantse kana kasuwar gida. Haka Idi Araba, haka Obalende, haka mahautar Oko Oba. Cikin masu shayi, masu gadi, masu tura ruwa a kura, masu wankin takalmi da yankan farce, da ka ji mutum ya ce «mi» ko «wanga» sai ka tambaye shi garinsu, sau da yawa sai ka ji ƙasar Gobir ko Adar ko Damagaram. Mun sha shayi kyauta har muka fara jin kunya.

To a nan ne ya kamata mu yi hattara, don daga tsanar gari zuwa son gari taki ɗaya ne ga baƙo, kuma duka biyun ba sani ba ne. A rana ta huɗu mun fara cewa ai Legas daɗi gare ta. Mun shiga Balogun da Idumota, mun yi sallah a babban masallacin cikin tsibiri, mun hau gada mun hango gidajen Makoko a kan ruwa. Mun fara jin kanmu ƴan gari. Amma daɗin nan daɗin mai kuɗin komowa ne. Wanda ya san ranar tafiyarsa, cunkoso labari ne a wurinsa, zafi ma labari ne. Shi ya sa Turawan da ke yawo da kyamara suna ɗora bidiyo a YouTube suke dariya a tsakiyar Oshodi. Mu ma irin dariyar muka fara yi, sai muka gamu da wani yaro.

A masallacin unguwar Kawu muka gan shi bayan sallar isha'i, kowa ya watse shi bai tashi ba. Bai wuce shekara goma sha bakwai ba, daga wani ƙauye na wajen Tasawa. Jakarsa irin tamu ce sak, irin ta gwanjo da ake sayarwa a bakin kasuwa. A saman motar shanu ya zo. Abin da ya riƙo shi ne lambar wani ɗan garinsu a rubuce a guntun kwali, lambar kuma ba ta shiga. Kwana uku yana kwana a masallaci. Ya ce mana: «Yaya, ni an ce mini da na sabka zan ga mutanenmu.» Ya gan su kuwa, dubbai, amma ba wanda ya san shi. Zafin da ya dame mu shi ma ya dame shi, ƙarar da ta gigita mu shi ma ta gigita shi. Bambancin kawai shi ne mu muna da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa da kuɗin da za mu koma, shi ba ko ɗaya.

Kuma tsarin da muka yaba ɗazu, tsari ne, ba jinƙai ba. Sana'ar da ta fi ɗaukar samarinmu a can ita ce kabu-kabu, wadda suke kira okada. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jihar ta hana ta gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba na shekarar ta ƙara huɗu, ciki har da Oshodi da Mushin. Babur ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓo shi ba, niƙe shi ake yi da inji. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka sayar da gona ko tumaki suka sayi babur ba su da wannan labari? Rikici ma yana tashi. A watan Maris na 2016 an yi faɗa a Mile 12 tsakanin Hausawa da Yarbawa, an rasa rayuka, an rufe kasuwa, kuma a ranar irin wannan ba wanda ke tambayar ko kai ɗan Kano ne ko ɗan Madarunfa, kowa «aboki» ne. Akwai motocin da ake kira one chance, ka shiga ka zaci fasinjoji ne, ashe duk ɓarayi ne kai kaɗai ne baƙo. Sai maganar kuɗi, wadda ta fi duka. Wajen 2014 jika guda ta sefa naira ɗari uku da ƴan kai take saye. Lokacin da muka je, ta haura naira dubu biyu. Mu masu zuwa da sefa abin ya yi mana daɗi, mun ci mun sha da araha. Wanda yake tara naira don ya aiko gida kuwa, guminsa narkewa yake kafin ya kai Jibiya. Ga kuɗin mota da abinci sun tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Mun san abin da wasu za su ce: ku kun je kun more, kun dawo kuna hana ƴaƴan talakawa. Ba hani muke yi ba, kuma ko mun hana ba mai jin mu. Ci-rani ya girme mu duka. Idan aka gama girbi, rumbu bai cika ba, rani wata bakwai ne ko takwas, saurayi ba zai zauna yana kallon uwarsa tana auna tiya ta ƙarshe ba. Gidaje nawa aka rufa da kwano, aure nawa aka ɗaura da kuɗin Ikko? Ba mu da bakin raina wannan. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne irin labarin da mu masu dawowa muke kawowa. Kashi biyu ne. Akwai mai hoto, wanda ya jingina da motar da ba tasa ba, ko ya tsaya a bakin teku kamar mu, bai faɗi cewa ko shiga wurin sai da ya biya kuɗi ba. Akwai kuma mai ban tsoro, wanda ya kwana biyu ya gudo yana cewa can mutane ake ci. Na farko yana tura yaro ba shiri. Na biyu yaro ba ya yarda da shi, tunda yana ganin wasu suna dawowa da waya sabuwa. Babu mai zama ya ce masa ga inda ake sauka, ga abin da ake cewa, ga abin da ba a yi.

Ga abin da muka amsa wa yaran da suka tambaye mu kuɗin mota, kuma muna roƙon duk wanda ya taɓa zuwa ya ƙara nasa a ƙasa. Kada ka tashi sai ka yi magana da mai masaukinka baki da baki, ka ji muryarsa, ya faɗa maka sunan tashar da za ka sauka, ba sunan gari kawai ba. Ka riƙe lamba biyu ko uku, a takarda, don waya tana mutuwa ana kuma sace ta. Ka sani layin wayar Najeriya sai an yi masa rajista, don haka kada ka dogara da cewa kana sauka za ka saya. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara. Nijar ta fita daga CEDEAO tun 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta ce zirga-zirga za ta ci gaba kamar da har sai an sake shawara, amma wanda ya tsayar da kai a shinge da tsakar dare ba sanarwa yake dubawa ba, takardarka yake dubawa. Ka yi ƙoƙari ka shiga garin da rana. A cikin cunkoso jakar baya gaba ake mayar da ita. Kuɗin komowa kuma a ware shi, ko yunwa ta yi yunwa kada a taɓa. Wanda bai iya haɗa kuɗin zuwa da na komowa ba, a ganinmu bai gama shiri ba, ko da kuwa abokansa sun riga shi.

Iyaye ma da nasu. Ana sallamar yaro da addu'a da ƙullin gari, madalla, amma a tambaye shi wurin wa za shi, a kira mutumin a ji. Yawancin ƙauyukanmu suna da wani dattijo a Agege ko Mile 12 da ya shekara ashirin a can. Kiran minti biyu ne.

Shi yaron Tasawa, Kawu ya kai shi wurin wani mai tura ruwa ɗan ƙasarsu, aka ba shi wurin kwana a ɗakin da mutum takwas ke ciki, aka ce ya fara bin kura yana koyon unguwa. Ranar da za mu taso ya rako mu har bakin titi, shi ne ma ya tsayar mana da danfo, ya gaya wa karen mota inda za a sauke mu. Makon jiya Kawu ya aiko da saƙon murya. Ya ce yaron yana nan lafiya, ya fara tura kurar jarka goma shi kaɗai, ƙafarsa ta kumbura amma ta sace. Ya ce kuma wasu yara biyu sun sauka daga ƙauyen nasu, ba lamba ba adireshi, sun ce hotonsa suka gani a WhatsApp, yana tsaye jikin wata farar mota a Ikeja.